La'ada ta shigo ta fita, na taɓa kuɗin hayar mutane, ga kuma maganar haraji

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 31, ina zaune a Gombe da mata ɗaya da yara biyu. Shekara shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin bai kai ya kawo ba, sai a watan Janairun bana na ajiye alli na kama dillancin gidaje da filaye. Allah ya sa albarka, a wata na uku na haɗa cinikin wani gida a Tumfure, rabona na la'ada ya kama naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ban taɓa riƙe kuɗi irin wannan ba. Na sauya mashin, na sayi babbar waya, na yi wa iyali ɗinkin Sallah, 'yan uwa kowa ya samu nasa, kafin sati shida babu ko sisi. Daga nan kasuwa ta tsaya cik, sai 'yan ƙananan hayoyi jefi-jefi. Akwai wani Alhaji mazaunin Abuja da nake karɓar masa hayar gidansa. Matsi ya sa na taɓa dubu 350 a ciki da niyyar in mayar, har yau ban mayar ba, shi kuma bai sani ba. Ga shi ana ta cewa sabuwar dokar haraji za ta sa gwamnati ta riƙa cire kuɗi daga asusun kowa, ni kuwa kuɗin mutane na miliyoyi suna ratsa asusuna. Wani abokin sana'a ya ce in daina karɓar tiransifa, in koma tsabar kuɗi kawai. Kawu, ban taɓa biyan haraji da hannuna ba, a makaranta daga albashi ake cirewa. Wata tara ke nan da fara sana'ar. Ta ina zan kama? Ko in haƙura in koma aji?

Ɗanka, wani sabon dillali daga Gombe.

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma lura ka saka maganar dubu 350 ɗin nan a tsakiya, ka lulluɓe ta da wasu maganganu ta gaba da ta baya. Ni da ita zan fara, don na san ita ce take hana ka barci.

Ka nemi Alhajin nan a cikin satin nan. Kada ka tura masa saƙon waya, kada ka aiki wani. In zai shigo Gombe nan kusa, ka je ka zauna a gabansa. In ba haka ba ka kira shi da bakinka. Ka faɗa masa adadin, da lokacin da ka taɓa, da ranar da za ka cika, kuma ka zo da wani abu a hannu. Wayar da mashin ɗin da ka saya a watan Maris halalinka ne, da guminka ka saye su, amma yau akwai haƙƙin wani a wuyanka. Ka sayar da wayar ka koma wadda za ta iya ɗaukar hoton gida da WhatsApp, ya wadatar. Mashin kuwa shi ne ƙafarka a wannan sana'a, in za a taɓa shi sai dai a musanya da na hannu a karɓi ciko. Na san abin da kake jira: ciniki ɗaya ya faɗa, ka cike gurbin a ɓoye, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Wannan jiran nake jiye maka tsoro fiye da komai.

Lokacin da nake aikin akanta a Bauchi na san wani dillali, dattijo ne ɗan sahun farko a masallaci, gidajen haya sun fi ashirin a hannunsa. Bai taɓa zama ya ƙudurta cin kuɗin kowa ba. Hayar wannan yake ɗauka ya toshe ta wancan, in ta wancan ta shigo ya toshe ta na uku, shekara da shekaru abin yana juyawa. Ranar da masu gida biyu suka nemi kuɗinsu a sati ɗaya, ɗaya zai biya kujerar Makka, ɗaya zai aurar da 'yarsa, ranar aka gane ramin ya kai miliyoyi. Gidan da yake ciki aka sayar. Na je yi masa jaje bayan ƙura ta lafa, abin da ya faɗa mini shi ne da dubu arba'in ya fara. Har yau in na tuna fuskarsa a zauren nan sai jikina ya yi sanyi.

Ka san umarnin Allah a Suratun Nisa'i, aya ta 58, cewa a mayar da amana ga masu ita. A dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ma cin amana laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma niyyar mayarwa ba ta wanke shi. Bayan wannan akwai ita kanta sana'ar. Dillali ba shi da shago cike da kaya, sunansa ne jarinsa, Gombe kuwa ƙaramin gari ce a wajen labari: abin da aka faɗa a majalisar Jekadafari da la'asar, kafin isha'i ya isa Pantami. Mai yiwuwa Alhaji ya yi faɗa, mai yiwuwa ma ya karɓe gidansa ya ba wani. In ya yi haka, haƙƙinsa ne, ka ba shi haƙuri ka cika masa kuɗinsa. Amma mutumin da ya zo da kansa ya faɗi kuskurensa, da wanda aka gano bayan shekara, ba irin labarinsu ɗaya ake bayarwa a gari ba.

To, me ya sa hannunka ya kai ga kuɗin? Saboda suna kwance a asusu ɗaya da kuɗin cefanenka. Ka buɗe waya ka ga dubu ɗari biyar, ido ba ya bambance na Alhaji da naka, ga yaro ba lafiya, ga mai shago yana aike. Kowa aka ajiye a wannan hali zai iya zamewa. Saboda haka kafin komai, kuɗin mutane su fita daga asusunka na kanka. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba sai ka buɗe kamfani ba tukuna, sunan kasuwanci ya ishe ka a wannan mataki. Da takardar za ka buɗe asusun sana'a. Banki zai iya neman shaidar rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan sana'o'in da manyan kuɗi ke bi ta cikinsu, kuma dillancin gidaje da filaye na cikinsu. Ta intanet ake yin rajistar. Sannan ka ware asusu guda na amana zalla, kada ka karɓi katin cire kuɗi a kansa, kada ka haɗa shi da manhajar da kake sayen kati da data. Haya ta shigo yau, gobe ta wuce ga mai ita, ka cire la'adarka kamar yadda kuka yi yarjejeniya, ka tura masa bayani a rubuce. Abin da ya fi wannan ma, ɗan haya ya biya mai gida kai tsaye, kai kuma a biya ka naka daban.

A cinikin gida ko fili kuwa ra'ayina mai tsauri ne: kuɗin ciniki kada su bi ta hannunka ko kaɗan. Mai saye ya tura wa mai sayarwa a gaban shaidu, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu, a ba ka la'adarka. Ko kafin alƙalami ne, kada ka karɓa sai an duba takardun wurin a GOGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Jihar Gombe, an ji ta bakin mai unguwa da maƙwabta, don in fili ya zamo mai rigima, ko an sayar wa mutum biyu, ko yana bakin kwarin da ruwa ke ci duk damina, wuyan dillali ake fara kamawa, kuma yawanci ya riga ya kashe la'adar.

Wannan ya kawo mu ga shawarar abokinka. Kada ka ɗauke ta. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma sama da miliyan 10. Gida nawa ne a Gombe yau ake sayarwa ƙasa da haka? Wato don gudun harajin da bai taka kara ya karya ba, za ka jefa kanka a laifin da EFCC ke bincika. Ga haɗarin yawo da buhun kuɗi a kan mashin, ga jabun kuɗi, ga musu: ya ce ya ba ka miliyan uku, ka ce biyu da ɗari takwas ka ƙirga. Tiransifa shaida ce da ba ta mantuwa, kuma dillali ya fi kowa bukatar irin wannan shaida.

Yanzu harajin. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyun da suka fi shafarka a cikinsu suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, watan da ka ajiye koyarwa. Babu inda suka ce a riƙa yankar haraji daga duk kuɗin da ya faɗo asusun mutum. A kan riba ake biyan haraji, wato abin da ya rage maka bayan ka cire kuɗin da ka kashe wajen nemo shi. Hayar Alhaji ba ribarka ba ce, kuɗin mai sayen fili ma haka. Gaskiyar da ke cikin jita-jitar ita ce bankuna suna ba hukumomin haraji rahoton asusun da manyan kuɗi ke ratsawa, kuma in hukuma ta ga miliyoyi sun shiga asusunka na kanka, tana da damar tambaya. Ranar da aka tambaye ka, in komai a cakuɗe yake, da me za ka nuna cewa naka kaɗan ne a ciki? Ka ga raba asusun nan da na ce ka yi don amana, shi ne kuma garkuwarka a gaban jami'in haraji.

A makaranta mai makaranta ne yake cirewa daga albashinka ya kai. Yanzu kai ne mai makarantar, kai ne malamin. Tunda a Gombe kake zaune, kuma da sunanka ko sunan kasuwanci kake aiki, harajinka na Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Gombe ne. Hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS yanzu ta koma NRS, ita ke kula da kamfanoni. Ka je ofishin hukumar jiha da lambarka ta NIN su tabbatar maka da lambar haraji. Kowace shekara, kafin ƙarshen watan Maris, za ka kai bayanin abin da ka samu a shekarar da ta wuce. Na 2026 ke nan zuwa 31 ga Maris, 2027. Ko ribarka ba ta kai a biya komai ba, ka kai bayanin, don rashin kai shi kansa yana da tara: naira 100,000 a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya.

Ga yadda ake lissafin. Naira 800,000 na farko a ribarka ta shekara babu haraji a kai. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye, kashi 15 cikin ɗari. Miliyan 9 na gaba, kashi 18. Haka yake hawa a hankali har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50, wanda ba damuwarka ba ce a bana. Mu ɗauka, a misali, duk la'adar da ta zama taka a shekara ta kama 4,200,000, ka kashe 900,000 a man mashin da gyara da kati da data da talla da kuɗin rajista. Riba ta zama 3,300,000. In gidan haya kake zaune, dokar ta yarda ka cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ka biya, iyakarsa 500,000; in hayarka 300,000 ce, ka cire 60,000, saura 3,240,000. Dubu ɗari takwas na farko kyauta. Miliyan 2 da dubu 200 na biye su ba da 330,000. Ragowar 240,000 a kashi 18 su ba da 43,200. Jimla 373,200, wato bai kai kashi 9 cikin ɗari na la'adar da ka karɓa ba. In kuwa shekarar ta zo da rauni, ribar ta tsaya a 1,500,000, harajin 105,000 ne. Wannan shi ne dodon da ake tsorata ka da shi.

Amma ka lura, dubu 373 a dunƙule a watan Maris, ga wanda bai ajiye komai ba, dutse ne. A nan ne sababbin masu zaman kansu suke faɗuwa, don sun saba albashi yana zuwa a wanke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk la'adar da ta shigo, a ranar, kafin ka biya ta wajen mai nama, ka cire kashi goma cikin ɗari ka jefa a wani wuri da ba ka taɓawa, ka ɗauka ba naka ba ne. In Maris ta zo aka samu rara, ka samu na azumi.

Wani abu da zai iya ba ka mamaki: in ka yi wa kamfani ko ma'aikatar gwamnati ko wata babbar ƙungiya aiki, misali ka samo musu ofis ko gidan ma'aikata, za su cire kashi 5 cikin ɗari daga la'adarka kafin su biya ka. Doka ce ta ɗora musu, kada ka yi rigima. Kuɗin ba su ɓata ba, harajinka ne aka fara biya maka. Abin da za ka nace a kai shi ne su ba ka takardar shaidar cewa sun kai kuɗin ga hukuma da lambarka, don a rage maka a lissafin ƙarshen shekara. La'adar 600,000 za a cire 30,000. In babu takarda, ka yi asararsu, ka sake biya.

Duk wannan lissafi a kan abu ɗaya ya tsayu, littafi. Kai malami ne, ka shekara shida kana kiran rajista kana cike sakamakon jarrabawa, saboda haka ba ka da uzuri. Ka sayi babban littafi mai kauri na rubutu, kowane ciniki layi ɗaya: rana, gidan wa, a wace unguwa, wa ya biya, nawa, la'ada nawa, wa da wa aka raba da su. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. Ka fi ni sanin yadda ciniki ɗaya yake tara 'yan kayi-na-yi, wanda ya ji, ya gaya wa wanda ya san mai nema, ya gaya wa wanda ke riƙe da makulli, kowa da kasonsa. In la'adar miliyan biyu ta faɗo asusunka ka raba wa mutum huɗu hannu da hannu, a takarda kai kaɗai ka ci miliyan biyu. Ka tura wa kowa nasa ta banki, ka rubuta dalili a jikin tiransifar. A ɗaya gefen littafin ka rubuta abin da ka kashe, kullum da dare, ko naira ɗari biyar ce ta faci. Mashin da waya kana aiki da su kana kuma zirga-zirgar gida da su, saboda haka ka raba da adalci, ka ce kashi kaza na sana'a ne, ka tsaya a kai. Cefane da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki ba sa shiga, doka abin da aka kashe don sana'ar kaɗai ta yarda a cire. Rasit da takardun banki ka adana su shekara shida, haka ake bukata. Wanda ba shi da littafi, hukuma ce take ƙiyasta masa abin da ta ga ya samu, kuma da wuya ƙiyasi ya zo da sauƙi. In an kawo maka takardar ƙiyasin da ba ka yarda da ita ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, amma da littafin za ka yi jayayya. Kuma duk abin da za ka biya, a asusun gwamnati za ka biya ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa kowa a hannu don ya ce zai daidaita maka.

Akwai kuma riba a biyan, wadda masu tsoratarwa ba sa faɗa. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku ana nemanta wajen harkokin takardun mallakar fili da neman aikin gwamnati da hulɗa da manyan kamfanoni. Dillalin da ke son ya tashi daga benci a bakin titi ya kai ga kula da rukunin gidaje, wata rana sai an tambaye shi ita. Zakka kuwa daban take, haraji ba ya sauke ta: in ajiyarka ta kai nisabi, ƙimar zinari giram 85, ta shekara a hannunka, ka fitar da ɗaya cikin arba'in.

Na bar maganar miliyan ɗaya da dubu ɗari biyun nan zuwa yanzu da gangan, don ba na so ka ji kamar faɗa nake yi maka. Mutumin da ya shekara shida yana jiran ƙarshen wata, rana ɗaya a damƙa masa albashin shekara guda ko fiye, dole kansa ya ɗau zafi. Kuskuren shi ne ka ɗauke su a matsayin kuɗin watan Maris, alhali kuɗin Maris ne da Afrilu da Mayu da Yuni har zuwa ciniki na gaba, wanda babu mai sanin ranarsa sai Allah. Sana'ar nan kamar noma take, tana da kaka tana da bazara. In manoma da 'yan kasuwar hatsi na Kumo da Dukku da Bajoga sun sayar da amfani, ana neman filaye. In jami'ar jiha da kwalejin ilimi sun koma karatu, ko an turo sababbin masu yi wa ƙasa hidima, ɗakunan haya suna tafiya. Tsakiyar damina kuwa kowa kuɗinsa na gona. Manomin kirki ba ya cinye rumbu a watan da ya yi girbi.

Abin da nake so ka yi shi ne ka mayar da kanka ma'aikacin kanka. Ka tara duk la'adar wata taran nan, babba da ƙarama, ka cire abin da ka kashe a sana'a, ka raba tara. Abin da ya fito shi ne ainihin samunka a wata, kuma ina zaton zai ba ka mamaki, ko ta sama ko ta ƙasa. Ka yanka wa kanka albashi ƙasa da wannan adadi. La'ada in ta shigo, bayan kason abokan ciniki da na haraji, ta zauna a asusun sana'a. Ranar ɗaya ga wata ka tura wa kanka albashin, ko an yi ciniki goma ko ba a yi ko ɗaya ba, kuma watan da aka yi goman kada ka ƙara. Haka za ka yi ta yi har rumbun ya tara abin da zai riƙe gidanka wata shida babu ciniki. Kafin ka kai nan, kada ka shiga adashi mai nauyi, don adashi yana son mai samu a kan kari, kai kuwa naka ba shi da rana. Da yawa daga masu taɓa amana zubin adashi ne ya kai su. Kada kuma ka ɗauki fili biya-kaɗan-kaɗan don ka ga yana araha, ko da kuwa kai ka fi kowa sanin zai tashi. Bayan rumbu ya cika, sai ka juya rarar zuwa abin da hauhawar farashi ba ta cinyewa, buhunan masara ko wake da kaka, ko 'yan tumaki, ko filin. Ka kuma tambayi yadda ake shiga GoHealth, tsarin inshorar lafiya na Jihar Gombe, kai da iyali, don ciwon dare ɗaya yana iya rusa lissafin wata uku.

Sai 'yan uwa. La'ada tana da ƙara, ranar da aka yi ciniki unguwa ta sani, kuma mutane kuɗin gidan suke ji, ba kasonka ba. Ban ce ka rufe hannu ba, wanda Allah ya buɗa wa ya manta da mahaifa ya yi asara. Ka ware wa zumunci kasonsa sananne daga kowace la'ada, iyaye a gaba, in ya ƙare ya ƙare, ka ce wa mai nema sai wani jiƙon, ba tare da kame-kame ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi alheri da kuɗin da ba a mallaka ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Mai ɗakinka fa, ta san halin da ake ciki? Wasiƙarka ba ta nuna ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata duka, har da na Alhaji. Ita ce za ta ji canji a kuɗin cefane, ita ce za ta ga babbar waya ta tafi, kuma in ba ta san dalili ba zuciya za ta kawo mata wani. Na ga gidaje da yawa inda matar ce take riƙe da littafin da asusun harajin, kuma kuɗin da ke hannunta sun fi wuyar taɓuwa.

Game da komawa aji, ban ga dalilin barin dillanci ba. Wanda ya haɗa cinikin gida a wata na uku da farawa yana da baki da ƙafa da yardar mutane, kuma Gombe tun da ta zama babban birnin jiha a 1996 take faɗaɗa, ta hanyar Bauchi da ta Dukku da ta Biu, masu neman muhalli ba su ƙare ba. Amma alli bai zama abin kunya ba. Ka nemi darasin yamma ko na ƙarshen mako, ko 'yan awoyi a wata makaranta da safe kafin masu duba gida su fito, abin da zai riƙe cefane ko da rabi, har rumbun ya tsaya da ƙafarsa. Shi ma wannan kuɗin ka shigar da shi littafi, yana cikin abin da za ka bayyana a watan Maris.

Ka gaida mai ɗakinka da yaran. In kun yi magana da Alhaji ka sake rubuto mini in ji yadda kuka rabu, ka haɗo da jimlar wata taran da abin da ka kashe, mu zauna mu yanka albashin tare.

Kawunka.